Mai gyaran magana a Ingila, da harshen gida a baki

Kafin a bar ka ka duba majinyaci a Ingila a matsayin mai gyaran magana da haɗiya, sai ka yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista. A jarrabawar Turanci ta IELTS, sauran ma'aikatan lafiya da ke ƙarƙashinta maki 7.0 ake nema a wurinsu. Mu masu gyaran magana kuwa 8.0, kuma kada wani sashe ya gaza 7.5. Na san dalili yanzu, amma haushin bai tafi ba.

Dalilin kunne ne da baki. Za a kawo maka yaro ɗan shekara huɗu, ka nuna masa hotuna yana faɗin sunayensu, kana rubuta kowane sauti da alamomin IPA, wato haruffan rubuta sautukan magana. Mu Hausawa ba mu raba "p" da "f" ba, Bature ya raba: pan daban, fan daban. A na farko leɓɓa ke haɗuwa iska ta fashe, a na biyu haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta zurara. Da safe lafiya lau. Amma da gajiya ta kama ka wajen la'asar, sai harshen gida ya dawo ba sallama. Ka faɗa, yaro ya maimaita daidai yadda ka faɗa, uwar ta ɗago ta dube ka ba ta ce uffan ba. Wallahi gara ta yi magana. Magani dai madubi ne da 'yar takarda a gaban baki: "p" na kaɗa ta, "f" sai dai ta karkata ta a hankali.

A asibiti kuwa haɗiya ta fi magana cin lokaci, musamman ga waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Ma'aunin IDDSI ake bi, na kaurin abin sha da laushin abinci, mataki 0 zuwa 7. A zuba abin sha a sirinji mai mililita 10, a sake shi daƙiƙa 10. In abin da ya rage bai kai 1 ba, mataki na 0 ne. 4 zuwa 8, mataki na 2. In abin sha ya yi ruwa da yawa, sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu, wani ma ko tari ba ya yi.

Nan ne abin ke ci min rai. Baba ma, can gida, yana ƙwarewa da ruwa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ni kuma sai ta waya. "Yaya, ku zaunar da shi sosai, ƙaramin cokali, ɗaya bayan ɗaya. Kada ku kwantar da shi sai bayan minti 30. In muryarsa ta zama kamar mai kurkure maƙogwaro, ku dakata. In zazzaɓi ya zo, asibiti." Yaya ya ce to, sai ya juya wayar in gani. Baba na kishingiɗe, kofi cike a hannun Inna.