Yau Baba ya ji huɗuba

Juma'a da dare, Landan.

Baba ya daɗe da yin barci, ni kuwa har yanzu idona biyu.

Shekara shida ke nan yana sa na'urar ji. Idan mu biyu ne a ɗaki, ras yake ji. Amma da an shiga taro, sai na'urar ta ɗaga komai: tari, kukan yara, ƙarar fanka, amsa-kuwwar lasifika. A Kano tun ƙarfe sha ɗaya yake tafiya neman sahun gaba, duk da haka sai mun dawo gida ya ce, "Me liman ya ce?" Tambayar nan takan sosa mini rai.

Da ya zo mana ziyara, na kai shi wurin likitar kunne. Ta ce akwai 'yar naɗaɗɗiyar waya a cikin na'urar, telekoyil ake ce mata, kuma ba a taɓa kunna ta ba. Ta saita, ta ce duk inda ya ga shuɗin allo mai hoton kunne da harafin T, ya danna maɓalli.

Da safe muka shiga baƙar tasi, irin ta garin nan. Gilashi ne tsakaninmu da direba, amma Baba na dannawa sai ga shi yana amsa masa da kansa.

Masallacin ne ya fi. Wani daga cikin masu hidima ya bayyana mana cewa waya ce aka kewaye ɗakin da ita ta ƙarƙashin kafet. Muryar liman na fita daga makirufo ta bi wayar, wayar ta mai da ita maganaɗisu, telekoyil ya kama ya zuba a kunne kai tsaye. Ba sai ka je ka roƙi wata na'ura a ofis kowa na kallonka ba. Mun makara, can baya muka zauna. Ina satar kallonsa na ga ya daina miƙa wuya, ya daina kallon bakin liman. Ya sunkuyar da kai kawai yana saurare. Da aka jawo aya, leɓensa ya bi.

Bayan sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Kamar a kunnena yake magana."

A wani kemis kuwa raina ya ɓaci. Allon na manne a kanta, amma na'urar shagon a kashe take, yarinyar da ke wurin ma ba ta san amfaninta ba. Alhali dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu shaguna a Birtaniya su sauƙaƙa wa masu lalura. Gobe zan rubuta musu.

Bayan isha'i Baba ya kira limamin unguwarmu ta Kano, ya ce a auna masa tsawo da faɗin masallaci. Ni kuma ya ce in tambayo masa kuɗin waya.