Kafin a sauke giyabos, a duba man kuloci

Hilux ɗin da nake ɗaukar buhunan masara da ita ta fara gardamar shiga giya, musamman ta ɗaya da ribas. Idan injin a kashe yake, giya na shiga lafiya lau. Da an tayar da shi kuwa, sai ka ji haƙoran giya na cizon juna. Wani bakanike ya ce farantin kuloci ne ya cinye, a sauke giyabos. Ban yarda ba. Farantin da ya cinye zamewa yake yi: ka taka totur, inji ya yi ta kuka, mota ba ta ja. Tawa kuwa tana hawa tudu da kaya ba gargada. Ciwonta ƙin rabuwa da inji ne, kuma sau da yawa wannan aikin man kuloci ne.

Kulocin irin wannan mota da man birki yake aiki, irin wanda ake kira DOT 3. Akwai famfon sama a jikin bangon da ya raba inji da direba, shi ke tura mai idan ka taka. Akwai na ƙasa a gefen giyabos, shi ke karɓar man ya tura ƙarfen da ke sakin faranti.

Da na buɗe bonet, man bai ragu sosai ba, amma ya yi baƙi ƙirin, alamar robobin ciki sun fara narkewa. Sai na sa giya ta ɗaya, na danne kuloci na riƙe. Can sai motar ta fara rarrafe da kanta alhali ƙafata na ƙasa. Wannan gwajin ne ya gamsar da ni: mai na sulalewa ta gefen robar famfon sama yana komawa baya, shi ya sa ba a ganin ɗigo a ƙasa. Na haska tocila a ƙarƙashin sitiyari, ga danshi nan a jikin sandar da ke shiga famfon, har ya fara cin fenti.

Na sayo famfon sama da na ƙasa duka biyun a kasuwar Kofar Ruwa, kuma har gobe shawarata ke nan. Tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha.

Kwance su ba wuya, sai dai notin bututun mai. Ƙarfensa laushi gare shi, sifana mai lamba 10 ta zauna daram kafin ka murɗa, in ba haka ba kan ya gulje.

Bayan an ɗaura sababbin, fitar da iskar da ta shiga bututun mai ce ta ci mana lokaci. Ƙanena na kan kujera yana taka kuloci, ni ina kwance a ƙasa, na sa siririn tiyo daga bakin famfon ƙasa zuwa cikin kwalba. Ya taka ya riƙe, in buɗe, kumfa ta fito, in rufe kafin ya ɗaga ƙafa. Muna yi ina leƙa kofin mai, don idan ya ƙafe iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Da man ya fara fitowa garau, sai na ji ya ce, "Yaya, yanzu ya yi tauri."

Na daidaita sandar famfon sama ta yadda za a bar ɗan wasa a saman feda, domin idan ta matse da yawa faranti zai riƙa zamewa. Ribas ta shiga shiru, giyabos kuwa ko noti ɗaya ba a taɓa masa ba.