Mako na shida: adireshin da bond0 ya ƙi karɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. A makon jiya na tsaya a inda na haɗa katunan netwok biyu na tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina suka zama layi ɗaya, bond0, bisa tsarin 802.3ad, wato LACP, ƙa'idar da kwamfuta da suwic (akwatin da ake jona kebul ɗin netwok) suke bi su ɗauki kebul da yawa a matsayin layi ɗaya. Wannan makon na ce bari in ƙara kwamfuta ta biyu. Ƙiwa ta hana ni girka Debian daga farko, sai kawai na kwafe faifan ta farkon gaba ɗaya na zuba a ta biyun, na canza suna, na canza IP, na jona kebul biyu a wani rukunin daban a suwic, na ce shi ke nan.

Ashe ba shi ke nan ba. Ping ya tafi sau biyar lafiya, ya ɗauke, ya dawo. SSH ya sandare ana tsakiyar rubutu. Na zargi kebul, na sake matse kawunansu har yatsana ya yi ja. Na zargi suwic ɗin, tunda na hannu na saya. Sai da na buɗe teburin adireshi na suwic na ga adireshin MAC (lambar shaidar katin netwok) guda ɗaya yana tsalle, yanzu yana rukunin farko, an jima yana na biyu. Na buga `ip link show bond0` a kwamfutocin biyu, adireshinsu iri ɗaya sak.

Abin ya ɗaure mini kai, domin abin da na karanta shi ne bond yana aron adireshin katin da aka fara saka masa, sannan ya shafa wa sauran katunan wannan adireshin. Katuna daban, ai ya kamata adireshi ya zama daban. To haka direban yake yi idan ba wanda ya riga shi. Amma tun daga systemd 242 (systemd shi ne manhajar da ke tayar da Linux tana kula da ayyukansa), wanda ya fito a 2019, tsarin MACAddressPolicy=persistent ya haɗa har da bond da makamantansa: ana ƙirƙira masa adireshi daga sunansa da kuma lambar shaidar inji da ke cikin /etc/machine-id. Ni kuwa na kwafe faifai har da wannan lambar, suna kuma bond0 a duka biyun. Ƙari a kan haka, shaidar da kwamfuta take gabatar da kanta da ita a LACP, wato ad_actor_system, daga adireshin bond ake ɗaukarta idan ba ka sa wata ba. Wato injuna biyu ke yi wa suwic sallama da suna ɗaya.

Na goge /etc/machine-id, na goge na /var/lib/dbus shi ma, don idan ka bar shi daga can za a sake kwafo tsohuwar lambar, sannan na kira `systemd-machine-id-setup`. Wannan kaɗai ya isa magani. Amma raina bai kwanta da adireshin da ban san daga inda ya fito ba, na ce zan raɗa nawa da hannuna.

Abin da ya fara zuwa kaina shi ne 11:22:33:44:55:66, saboda sauƙin haddacewa. Amsar da na samu: `RTNETLINK answers: Cannot assign requested address`. Na sake bugawa har sau uku, kamar wanda ke tsammanin inji zai ji kunya.

Ga inda na ɓata dare guda, kuma nan ne nake so ku tsaya. Adireshin MAC bayit shida ne, bit 48. Bit biyu na ƙarshe a bayit na farko ba naka ba ne ka yi yadda ka so da su. Na can ƙarshe, idan 1 ne, yana nufin adireshin na taro ne, ana aika wa jama'a da yawa lokaci ɗaya, ba na kati guda ba. Lamba 11 a lissafin heksa, wanda da shi ake rubuta adireshin MAC, idan aka mayar da ita bit ita ce 00010001, ta ƙare da 1. Shi ya sa Linux ya ƙi. Misali a kusa: saƙonnin LACP kansu ana aika su ne zuwa 01:80:c2:00:00:02, kun ga 01 a gaba. Don haka duk bayit na farko da ba ya rabuwa biyu daidai, haramun ne ga kati. Sifili zalla ma ba a karɓa, haka ff shida a jere.

Sai na gwada 00:11:22:33:44:55, ya shige ba gardama. Na yi murna na minti goma. Bit na kusa da na ƙarshe shi ke faɗin ko adireshin na masana'anta ne ko na gida. Idan 0 ne, bayit uku na farko lambar rajista ce da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke ba kamfanonin ƙera kaya, kai kuma ka shiga gonar wani. A ɗakina ba wanda zai kama ni, amma wannan lambar ce kowane mai gaggawa yake bugawa, ran da muka haɗu da irina a netwok ɗaya an koma gidan jiya.

Abin da ake so shi ne bit biyun nan su zama 1 da 0 a ƙarshen bayit na farko: na gida, na kati ɗaya. A aikace, harafi na biyu na adireshin ya zama 2, 6, A ko E. Da na gane haka sai na fara ganinsa ko'ina. Adireshin injunan KVM, wato kwamfutocin da ake kunnawa a cikin wata kwamfutar, yana farawa da 52:54:00, ga 2 nan a wuri na biyu. Ni 2 na zaɓa, domin ƙa'idar IEEE 802c ta 2017 ta kasa wannan fili na adireshin gida kashi huɗu, wato gidajen 2, 6, A da E, kuma gidan 2 ne ta bar wa mai kula da netwok ya raba da kansa. Bayit biyar da suka rage na ciro su daga /dev/urandom, inda Linux ke ba da lambobi barkatai, ban yarda da kaina in ƙago ba, kun dai ga irin abin da kaina ke ƙagowa. Na rubuta adireshin a layin MACAddress= na fayil ɗin .netdev da ake saita bond0 a ciki, na kuma rubuta shi da alƙalamin maka a jikin akwatin kowace kwamfuta.

Wani abu da na lura: bayan an haɗa, `ip link` zai nuna maka katunan biyu da adireshi ɗaya da na bond0. Kada ka firgita, haka 802.3ad yake. Na asalin yana nan, `ethtool -P` zai nuna maka, ko ka duba layin Permanent HW addr a /proc/net/bonding/bond0. A fayil ɗin nan kuma ka leƙa adireshin abokin hulɗa, wato na suwic. In ka ga sifili zalla, suwic ɗinka bai amsa LACP ba tukuna, ba laifin adireshinka ba ne.

An ɗauke wuta sau biyu tun daga lokacin, injunan sun tashi da adireshinsu yadda na bar su, tebur ɗin suwic ya daina rawa. Abin da ya rage mini shi ne iperf, ma'aunin saurin layi, wanda har yanzu gigabit ɗaya yake ba ni duk da kebul biyu. Ina zargin xmit_hash_policy, saitin da ke zaɓar kebul ɗin da saƙo zai bi, da ke kan layer2, shi zan taɓa ranar Asabar in Allah ya kai mu.