Kwana bakwai a sawun mutanen Strokestown

Na shekara huɗu ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Dublin kafin in san abin da mutanen Ayilan suke nufi da An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa. Wata tsohuwa ce ta sanar da ni, ba kuma da niyyar koyarwa ba. Kullum in na zo kwashe kwanuka sai in tarar ta naɗe ragowar dankalinta a takarda ta cusa a aljihun rigar sanyi. Ran nan na ce mata, "Iya, ai gobe ma za a dafa wani." Ta dube ni ta ce a gidan kakarta ba a zubar da dankali, don akwai shekarun da aka neme shi ido rufe aka rasa.

Mu da muke kiransa dankalin Turawa, 'yan kasuwar Jos kuma in sun juya harshe zuwa Turanci suke jingina shi ga Ayilan, ban taɓa tambayar dalili ba. Ashe kafin 1845 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin da shi kaɗai suke rayuwa, safe da dare. A shekarar wata cuta ta faɗa wa gonaki, dankali ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, ta kuma maimaita shekara bayan shekara. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8. Zuwa 1852 kimanin miliyan ɗaya sun mutu, wasu sama da miliyan ɗaya sun tsallake teku. Wannan ita ce Babbar Yunwa.

Na karanta lissafin, amma bai zauna mini a zuciya ba. Shi ya sa da na ji labarin hanyar da ake kira National Famine Way, mai tsawon kilomita 165 daga garin Strokestown a gundumar Roscommon har bakin kogin Liffey a Dublin, na ɗauki hutun mako guda a watan Mayu na ce zan taka ta da ƙafa. Da na gaya wa mahaifiyata ta waya, sai ta ce, "Kai kuwa ɗan nan, ƙasar da mota ta yi yawa, me ya kai ka tafiyar ƙasa?" Na ce, "Inna, wasu bayin Allah ne suka bi hanyar da yunwa a cikinsu, ina so in ga abin da suka gani." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya tsare.

Abin da na yi daidai tun farko shi ne na fara daga Strokestown, na kuma ba gidan tarihin yunwar da ke garin yini guda cur. Wanda ya fara daga Dublin don sauƙin mota, ko ya leƙa gidan na awa ɗaya ya wuce, yawon bakin ruwa kawai zai yi. A dā gidan na iyalin Mahon ne, masu ƙasar yankin. A 1847 Manjo Denis Mahon ne mai shi, manoman da ke haya a ƙasarsa kuwa sun kasa biyan kuɗin haya. Dokar lokacin ta ɗora wa mai ƙasa harajin ciyar da matalauta a kan ƙananan gonaki, don haka wakilinsa ya buga lissafi ya ga biya musu kuɗin jirgi zuwa Kanada ya fi arha a kan ajiye su a gidan gajiyayyu. Mutum 1,490, maza da mata da yara, aka tasa a gaba da ƙafa zuwa Dublin a watan Mayu, wani ɗan koren mai gida yana biye da su don kada wani ya zame ya koma. Daga Dublin aka kai su Liverpool, aka zuba su a jirage huɗu: Virginius, Naomi, Erin's Queen da John Munn. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya bi su cikin jirgi. Na cikin Virginius fiye da rabinsu ba su rayu ba. Tsibirin Grosse Île, inda ake killace baƙi kafin shiga Quebec, ya haɗiye gawa sama da 5,000 a wannan shekarar kaɗai. Da labari ya dawo gida, a watan Nuwamba aka harbe Mahon a hanya. Kisan bai kawo wa kowa sauƙi ba, korar mutane daga gonaki ta ci gaba, har waɗanda aka tasa daga ƙasarsa suka haura 3,000.

Yadda aka yi aka san duk wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A 1979 wani ɗan yankin mai garejin motoci, Jim Callery, ya sayi gidan don yana buƙatar fili. Yana bincike a ɗakuna sai ya ci karo da tulin takardu, dubun dubata: littattafan haya, jerin sunayen waɗanda aka kora, wasiƙu. Cikinsu akwai takardar koke da mutanen Cloonahee, ƙauyensa na haihuwa, suka rubuta a 1846 suna roƙon aiki don iyalansu na cikin wahala. Da wani ne, da ya tattara ya ƙone ya share ɗaki. Shi ya adana, kuma a 1994 aka buɗe gidan tarihin yunwar a wurin. Na daɗe a tsaye gaban takardar koken. Mutanen da ba su bar kabari mai alama ba, littafin bashin wanda ya kore su ne ya riƙe sunayensu. Ban ga Callery cikin manyan mutum-mutumin da ke titunan Dublin ba, amma ni a wurina yana cikin waɗanda tarihin ƙasar ke bi bashin godiya.

A wurin na sayi ɗan littafin da ake buga wa hatimi a zango-zango, tare da tikitin jirgi na kwaikwayo mai ɗauke da sunan ɗaya daga cikin iyalan. Na nemo sunan a bangon gilashin da ke harabar gidan, na sa yatsa a kai, washegari da sassafe na kama hanya.

Ranar farko ba wuya: kimanin kilomita 20 ta ƙananan hanyoyin ƙauye, a tsallake kogin Shannon a Tarmonbarry, a kwana a Clondra. Daga nan ake hawa gefen Royal Canal, hanyar ruwan da aka haƙa da hannu aka gama a 1817, a bi turbar da dawakai suke bi a dā suna jan jiragen kaya. Alamar hanyar ƙananan takalman yara ne na tagulla, ƙafa biyu a ɗaure, an kafa su a kan dutse a wurare sama da 30. Suna tuna wani yaro ɗan shekara 12, Daniel Tighe, wanda ya yi tafiyar da mahaifiyarsa da 'yan uwansa. Shi da ƙanwarsa Catherine ne suka rayu, wani iyali manoma masu jin Faransanci a Quebec suka riƙe su. Takalman ba su fi tafin hannuna ba. Duk inda na tarar da su sai na tsuguna, wani wurin ma an bar furanni a gefe.

Kuskurena ya bayyana a rana ta biyu. Na sayi sabon takalmi kwana biyu kafin tafiya, ina ganin hakan shi ne shiri. Zangon Clondra zuwa Abbeyshrule ya kai kilomita 30, ruwan sama kuma ya sauko tun hantsi, irin yayyafin ƙasar nan da ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Kafin la'asar diddigena biyu sun yi bororo sun fashe. Ga shi ban ɗauki abinci isasshe ba, don na zaci zan riƙa samun kanti. Hanyar ruwan tana kewaye garuruwa ne, sai ka yi awa uku ba ka ga komai ba sai zalɓe da shanu da fadamar gawayin laka. Na so in ratse in ga hanyar katakon Corlea, wadda aka shimfiɗa a kan fadama da itacen da aka sare a shekara ta 148 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ƙafa ta hana. Wanda zai je, ya sa takalmin da ƙafarsa ta saba da shi, ya ɗauki safa ta canji, dabino da burodi da ruwa, ya kuma kama wurin kwana tun makonni kafin tafiya, don gadaje kaɗan ne a ƙananan ƙauyukan. In ka gaya wa masu masauki ba ka cin naman alade, ba sa ɓata rai, ƙwai da burodinsu mai ruwan ƙasa za su kawo maka. Salla kuwa ba ta ba ni wahala ba: rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, bakin ruwan kuma shiru ne, in shimfiɗa rigar ruwa a ciyawa in yi.

Wani abu ya same ni a daren nan wanda ban shirya masa ba. Ina wanke ƙafa a masauki, zuciyata ta fara raya mini cewa yanzu na ɗanɗana abin da suka ɗanɗana. Sai na ji kunya ta kama ni. Ni da katin banki a aljihu, da gado mai bargo, da shayi mai zafi, da sanin cewa tun daga Mullingar akwai jirgin ƙasa in na gaji. Tafiyar ba ta sa ka zama su. Abin da take yi shi ne ta auna maka nisan da jikinka, sai ka ɗora a kai goyo, da yunwar shekara biyu, da rashin sanin inda za a kwana.

Kafin Mullingar na zauna hutawa kusa da ɗaya daga cikin ƙofofin ruwan, wani dattijo mai kare ya tsaya muka gaisa. Da ya ji ni Musulmi ne sai fuskarsa ta sake, ya ce ai Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aiko musu da fam 1,000 a 1847, kuma ba su manta ba. Ya ƙara da mutanen Choctaw na Amurka, waɗanda su ma ba a daɗe da raba su da ƙasarsu ba, amma suka tara dala 170 suka aiko. Na tambaye shi ko cutar dankali ce ta kashe mutane. Ya ce cuta ta kashe dankali, amma hatsi da shanu da man shanu ba su fasa fita daga tashoshin Ayilan zuwa Ingila ba. Ya ambaci dokar 1847 da ta hana agaji ga duk mai riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka, sai mutum ya zaɓa tsakanin gonarsa da abincin 'ya'yansa. Na yarda da shi. Fari da cuta daga Allah suke, amma wanda zai ci da wanda zai kwana da yunwa, hannun masu iko ne yake rabawa.

Na kwana biyu a Mullingar ina jinyar ƙafa, shi ya mayar da kwana shida bakwai. Sauran zangunan, Longwood, Enfield, Maynooth, sun wuce lami lafiya, mutane na ƙaruwa, masu keke na wucewa. Da na shigo Dublin na bi ta gadar Broom, inda masanin lissafi William Rowan Hamilton ya karce wani lissafinsa a jikin dutse a 1843, akwai allo a wurin. Can gaba kaɗan na hango hasumiyar maƙabartar Glasnevin, inda aka binne Daniel O'Connell, mutumin da ya ƙwato wa mabiya ɗarikar Katolika 'yancin zama a majalisar Birtaniya a 1829. A farkon 1847 ya tashi a majalisa, da tsufa da ciwo, ya roƙi a ceci mutanensa. Ya rasu a Genoa ta Italiya ranar 15 ga Mayu, a watan da mutanen Strokestown suke jan ƙafa a wannan turba.

Hanyar ta ƙare a Custom House Quay, gaban mutum-mutumin tagulla da Rowan Gillespie ya ƙera a 1997: dogaye, ramammu, wani ya saɓa yaro a kafaɗa, kare na bin su a baya. Na wuce su sau ba adadi a hanyar zuwa aiki, ban taɓa duban ƙafafunsu ba sai ran nan. A gefe akwai kwafin jirgin Jeanie Johnston. Na asalin ya yi sawu 16 zuwa Arewacin Amurka ba tare da ya rasa fasinja ko ɗaya ba, don yana da likita, ba a kuma cusa mutane fiye da kima. Na tsaya ina kallonsa ina tuna Virginius.

Da aka buga mini hatimin ƙarshe na zauna a bakin kogi na kira Inna. Bayan gaisuwa na tambaye ta yunwar Kakalaba ta 1914, wadda nake ji tana ambata muna yara in muka raina tuwo. Ta ce kakarta ta ba ta labari, 'yan uwan kakar biyu ba su kai kaka ba a shekarar. Na ce, "Inna, kin riƙe sunayensu?" Ta ce in dakata. Na ji tana maimaitawa a hankali ita kaɗai, sannan ta faɗi ɗaya, ta ce ɗayan sai ta tambayi Gwaggo. Na juya bayan tikitin jirgin na rubuta na farkon, na bar wuri a ƙasansa.