Afadjato ba tudun shan iska ba ne

Sati uku ke nan da dawowarmu, amma duk lokacin da na ga uwargida tana ɗingishi zuwa kicin, raina sai ya sosu. Ni na tsara tafiyar zuwa dutsen Afadjato da ke yankin Volta na Ghana, ni kuma na ce mata babu wani hawa mai wahala a ciki.

Ranar farko lafiya lau. Mun bar unguwar Nima ta Accra bayan sallar asuba, muka tsaya lambun Aburi wanda aka buɗe tun 1890, muka gangara ta Somanya zuwa Atimpoku. A bakin gadar Adomi muka sayi abolo (wani abincin masara da ake turarawa) da 'yan ƙananan kifin nan soyayyu, muka ci cikin mota muna kallon kogin Volta. Muka kwana a Hohoe.

Washegari aka samu matsala. Na karanta cewa tsayin Afadjato mita 885 ne, na raina shi. Abin da ban yi tambaya a kai ba shi ne yadda hanyar take: a miƙe take tsaye, duk duwatsu da saiwoyin itace, wani wurin sai ka dafa da hannu. Ga shi na ɓata safiya muna zaga kasuwar Hohoe, ba mu isa Liati Wote, ƙauyen da ke gindin dutsen, ba sai wajen sha ɗaya, rana ta take. Ɗan jagoranmu ya dubi silifas ɗin ƙafarta, ya dube ni. Na ce ai za ta iya.

Ba mu kai rabi ba igiyar silifas ta tsinke. Ta zauna kan wani dutse, hijabinta ya jiƙe sharkaf, ta ce, "Maigida, wannan ne yawon shan iskar?" Ruwan leda biyu kacal na riƙo mana. Saukowa ta fi hawan tsanani, a nan ta gurɗe ƙafa.

Abin takaicin, wurin da ya dace da mu yana nan kusa. Da muka lallaɓa Wli kashegari, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, hanyar zuwa ƙasan ruwan shimfiɗe take, cikin inuwa, tafiyar kamar minti 45, ana tsallaka ƙananan gadoji tara. Da sanda ta taka a hankali, ta isa. Ruwa na zubowa daga can sama, feshinsa na dukan fuska, jemagu jingim a jikin dutsen. Ta yi shiru, can ta ce, "Da nan ka fara kawo ni."

Idan ku biyu ne, ku auna tafiya da ƙafar wanda ya fi rauni. Wli tukuna. Mai son Afadjato ya ware masa safiya guda, ya fara kafin ƙarfe bakwai, da kambas da ruwa isasshe, kuma ya tambayi mutanen garin kafin ya yi wa matarsa alkawari.

Garin Ho da muka yi niyyar tsayawa, ta gilashin mota muka gan shi, ƙafarta na kan jaka a kujerar baya.