Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wa Zan Bar Wa Ita?

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na gama wankan jego a gidanmu na Fagge, na koma ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi. Hutun haihuwar da wurin aikina ya ba ni mako 12 ne, gwargwadon abin da dokar ƙwadago ta tanada, arba'in kuwa ta riga ta cinye kusan rabinsa. Kullum na kalli jaririyar sai gabana ya faɗi.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ita ta fara kawo mafita. Akwai wata mata da ke kawo 'yan aiki daga ƙauye, kuɗin wata a hannunta ake ba da shi, ita take kai wa iyayen. Da yamma sai ga ta da wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, kayanta a ƙulle cikin leda. Na zuba mata abinci, ta ci tana satar kallona. Kafin a kira magariba barci ya kwashe ta a zaune, jingine da bango.

Na je na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ita ma raino take buƙata."

"Ke 'yar nan, mu da muka goyi ƙannenmu tun muna shekara bakwai fa?"

"Haka ne, Hajiya. Amma kuna goyon, iyayenku suna tsakar gida, ɗa ya yi kuka za su ji. Ita wannan kulle ta zan yi ita kaɗai da jaririya da risho tun safe har la'asar."

Hajiya ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Har yau ban canza ra'ayi ba. Yarinyar da ya kamata a ce tana aji biyar a firamare ba ta da abin da za ta yi idan jaririya ta shaƙe ko zazzaɓi ya taso mata, kuma in wani abu ya faru ita za a ɗora wa laifin da ba nata ba.

Daga nan na shiga zagayen gidajen raino. Wani na same shi tsaf, sun nemi katin rigakafi tun kafin su faɗi kuɗi, abin da ya kwantar min da hankali, don lokacin ba a yi mata allurar mako 14 ba tukuna. Sai dai kuɗinsu ya kusa rabin albashina. Wani kuma mace ɗaya na tarar da jarirai cike da ɗaki, NEPA ta ɗauke wuta, ga zafin watan Afrilu. Na tambayi inda za su ajiye nonon da zan matse, aka nuna min firjin da ko sanyi babu a ciki. Ni kuwa na ƙudurta nono zalla za ta sha har wata shida, ko ruwa ban da shi, kamar yadda aka koya mana a wajen awo.

Maigida ne ya tuna da Inna, maƙwabciyarmu, dattijuwar da ta aurar da 'ya'yanta duka. Na je da kunya na faɗa mata sharaɗina: ba ruwa, ba jiƙo, ba bayar da ita ga yaran unguwa su fita da ita. Ta ce, "'Yata, ni ma ina da nawa. Lambar wayarki da ta mijinki za ku rubuta min a bango, kuma ranar da jikinta ya yi zafi ba zan jira ki taso ba, kira zan yi."

Muka yi maganar kuɗi, ta ƙi yankewa, sai da maigida ya sa baki.

Saura Hajiya, wadda har lokacin ba ta san mun mayar da yarinyar ƙauyensu ba. Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.