Ƙannena, Ku Koyi Karatun Allon Mota Kafin Ku Hau Titi

Yawancinmu a filin ƙwallo ko bayan gari muka koyi tuƙi, a hannun wani yaya ko direban gida. An koya mana kuloci da giya, an koya mana ribas da yadda ake kutsawa cikin cunkoso. Amma babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga ma'anar fitilu da allurai da ke bayan sitiyari. Ni dai abu biyu na sani a allon nan, allurar mai da ta maleji, sauran kuwa ado na ɗauke su. Na biya kuɗin wannan rashin sani a garejin bakanikai, kuma ba na so ku ma ku biya.

Karatun yana farawa ne tun kafin a tada inji. Ku murɗa makulli har allo ya kawo wuta, ku dakata a nan. In motar mai maɓalli ce, ku danna ba tare da taka birki ba har allon ya haska. Fitilun gargaɗi za su kama gaba ɗaya: ta baƙin mai, ta batir, ta birki, ta inji, ta ABS (na'urar hana tayoyi ƙamewa in an taka birki), ta jakar iska. Motar na gwada su ne. Wasu za su mutu da kansu bayan 'yan daƙiƙu, sauran kuma sai inji ya tashi. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana da magana. Wadda ba ta kama ba tun farko kuwa ta fi ban tsoro.

Motata ta farko 'yar Kwatano ce, asalinta daga Amurka. Ranar ciniki na ga allonta tas, ko ɗigon wuta babu, na yi ta murna na samu mai lafiya. Sai da tafiya ta yi nisa wani mai rewaya ya buɗe allon kan wata matsala daban, ya kira ni ya nuna mini gurbin ƙwan fitilar inji da na jakar iska, duka wayam. An cire su kafin motar ta iso hannuna. Ashe duk tsawon lokacin nan ina yawo da iyali ba tare da na san ko jakar iskar za ta buɗe in an yi karo ba. Wanda zai sayi mota ta hannu, ya yi wannan gwajin a gaban dillali, ya ƙirga fitilun da idonsa.

Launi kuma yana da ƙa'ida, kusan iri ɗaya a kowace mota. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ku, kamar sigina ko fitilar hanya. Ruwan ɗorawa na nufin akwai abin dubawa, amma galibi za a iya lallaɓawa zuwa gareji. Ja kuwa yana nufin yanzu. In ba na bel ba ne, ko na ƙofar da ba ta rufu ba, ko birkin hannu da aka manta, to a nemi gefen titi.

A cikin jajayen nan babu kamar mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta. Ita ta ci mini inji. Ina kan hanyar Kano zuwa Zariya, na wuce Kwanar Dangora, ta fara ƙiftawa, ta kama ta mutu, daga baya ta tsaya cak. A tunanina cewa take baƙin mai ya ragu, sai na ce bari in ƙarasa gari in sayi galan in ƙara. Ban kai ba. Na fara jin ƙwanƙwasa daga cikin inji, ƙarfin motar ya faɗi, kafin in gangara gefe inji ya buga.

Abin da ban sani ba shi ne wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin hawansa take aunawa. Akwai famfo a cikin inji da ke tura baƙin mai ta ƙananan hanyoyi zuwa tsakanin ƙarafan da ke juyawa, domin kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Injin da ke kan babbar hanya yana juyi dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya. In turin man ya faɗi, 'yan mintuna sun isa su cinye metal da kiranshaf, wato ƙarafan nan da ke juyawa a cikin inji. Dalilin faɗuwar na iya zama ƙarancin mai, ko famfon ya gaji, ko rariyar da ke tsotso man daga ƙasa ta toshe da dauɗa saboda jinkirin juye. Nawa toshewa ce, don ni mutum ne mai ɗage juye sai albashi ya shigo. Da na ƙara galan goma ma ba zai yi amfani ba.

Don haka in ta kama kuna tafiya, ku sauka gefe ku kashe inji nan take. Ku jira 'yan mintuna mai ya kwanta, ku zaro sandar awo ku goge, ku mayar ku sake zarowa. In yana ƙasa da alamar ƙarshe, ku leƙa ƙarƙashin mota ko yoyo take, ku ƙara, ku tada ku gani ko fitilar ta mutu. In mai ya cika amma fitila na nan, kada ku sake tada ta. A nemo igiya ko motar janwe. Mai yiwuwa ɗan makunnin fitilar ne kawai ya lalace, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma a bakin titi ba ku da hanyar tantancewa, kuma kuɗin janwe bai kai kusa da na inji ba.

Sai allurar zafi, mai C a gefen sanyi da H a gefen zafi. Wurin zamanta tsakiya ne ko ƙasa da shi kaɗan, domin inji ya fi son aiki a zafin da ke kusa da digiri 90 zuwa 100. Ku san inda taku ke zama kullum, yadda ko ɗan motsi ta yi za ku lura. Wasu motocin zamani ba su da allurar sam, sai fitila mai siffar ma'aunin zafi a cikin ruwa: shuɗiya da safe inji bai ɗumama ba, ja kuma ya wuce gona da iri.

A nan kuskure biyu na tafka. Wata bazara allurar ta riƙa hawa a cunkoso, wani bakanike ya ce mini tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, na ƙasashen sanyi ne, a ƙasarmu cire shi ake yi a haɗa fanka kai tsaye. Na yarda, don kowa haka yake faɗa. Allura ta sauka, na ɗauka an gama. Amma da hunturu ya shigo sai inji ya daina ɗumama yadda ya kamata, kwamfutar motar ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tada shi, shan mai ya ƙaru. Kuma da zafi ya dawo matsalar ta dawo, domin asalinta lagireto ne ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya da nake ɗura masa. Ruwan kulan da na raina saboda tsada, aikinsa ke nan, hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa. Ni a yanzu ba na barin a taɓa tamostat sai dai a canza shi da sabo.

Na biyun har yau akwai tabonsa a hannuna. Na buɗe murfin lagireto inji na huci. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya haura na tafasasshen ruwa amma matsin ya hana shi tafasa. Ana sassauta murfi sai ya yi tsartuwa da tururi. In allura ta doshi H, ku kashe na'urar sanyaya, ku tsaya, ku kashe inji, ku ba shi aƙalla rabin awa. Kada ku kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka gaskit zai ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da mai.

Fitila mai hoton batir ita ma yaudara gare ta. Na taɓa sayen sabon batir saboda ita, kwana kaɗan shi ma ya kwanta. Cewa take ba a cajin batirin, wato altaneta ko fanbel ko wayoyinsu. Inji na aiki, ya kamata a auna bolt 13.5 zuwa 14.5 a kan batir, kuma kowane mai rewaya zai auna muku cikin minti ɗaya. In ta kama kuna hanya, ku kashe rediyo da na'urar sanyaya ku nufi gareji mafi kusa. Amma in ta kama tare da nauyin sitiyari ko hawan allurar zafi, bel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. A nan tsayawa ake yi.

Jar alamar motsin rai a cikin da'ira, ko rubutun BRAKE, in birkin hannu a sauke yake kuma ba ta mutu ba, man birki ne ya yi ƙasa. Ko dai birkifad ya cinye ko akwai yoyo, kuma ƙara mai kawai ba ya maganin ko ɗaya. Fitilar ABS ita kaɗai na nufin birki na nan, sai dai na'urar hana tayoyi ƙamewa ta daina aiki, abin da za ku ji a jikinku ranar da aka yi ruwa.

Yanzu ga wadda ta fi kowacce shan wulaƙanci a ƙasar nan, mai siffar inji, ruwan ɗorawa. Ku leƙa allon motocin haya ku gani. Bayan an mayar mini da ƙwanta, da ta dame ni da daddare sai na manna mata baƙin salatif, ni da na gama zagin wanda ya cire ƙwan. Illar barinta a kunne ita ce in sabuwar matsala ta zo ba ta da yadda za ta sanar da ku, tunda fitilar ɗaya ce. Gano dalilinta kuma ba wuya. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da tsarin OBD-II, motocin fetur na Turai kuma suka bi sahu a 2001. Akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin allo, kusa da gwiwar direba, da ake jona na'ura ta karanto lamba. P0300, alal misali, na nufin wuta na tsallake a silinda. Har ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da waya ana sayarwa. Sai dai ku kula, lambar tana nuna inda za a bincika ne, ba ta ce a sayi kaza ba, kuma goge lamba ba gyara ba ne. In mai na'ura ya karɓi kuɗinku ya kashe fitila bai taɓa komai ba, za ta dawo. Wani lokaci murfin tanki ne kawai bai ɗauru ba. In kuwa ƙiftawa take, ba a tsaye ba, to man da bai ƙone ba ne ke wucewa salansa yana gasa na'urar tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi. Ku rage gudu ku tafi gareji a ranar.

Maleji kuwa, masu motocin Amurka ku buɗe ido. Manyan lambobin mil ne, kilomita na cikin ƙananan da ke ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na daɗe ina ɗora allura a kan 80 ina yaba wa kaina natsuwa, alhali gudun kilomita kusan 129 nake yi. Dokar hanya ta Najeriya, wadda jami'an hukumar kiyaye haɗurra ke aiki da ita, ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Kilomita 100 ɗin nan mil 62 ne kacal a allonku. Haka ma jimillar tafiyar da ke ƙasan allo, in mil ce ku ninka ta da 1.6 kafin ku lissafa lokacin juye.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da yawanmu a kan fitilar mai muke rayuwa. Na fahimci dalili, ni ma ina ciki. Amma famfon mai a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, kuma yawan tafiya da busasshen tanki na rage masa kwana. In da hali, kada allura ta riƙa sauka ƙasa da kwata. Lambar da ke cewa saura kilomita kaza ƙiyasi ne daga yadda kuka yi tuƙi a baya, cunkoson Kano ɗaya ya isa ya ƙaryata ta. 'Yar kibiyar da ke jikin hoton famfon gidan mai kuma gefen da bakin tanki yake take nunawa, ga mai aron mota.

Shuɗiyar fitila mai layuka a miƙe na nufin kun kunna fitila mai nisa, kuna kashe wa na gabanku ido, ku sauke ta in mota ta tunkaro. Maɓalli mai jan alwatika na motar da ta lalace ne ko haɗari a gaba. Wasu na kunna shi a mararraba wai don a san miƙewa za su yi, alhali na gefe ba ya ganin komai sai sigina ɗaya. Alama mai kama da kofaton doki da ɗigo a tsakiya kuwa iskar taya ce, wadda ta zama dole a sababbin motocin Amurka tun 2007. Adadin iskar da motarku ke so yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35. Ku faɗa wa mai faci da bakinku, kuma a auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Sauran alamomin sukan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In littafin motar bai zo da ita ba, kamar yadda aka saba da 'yan Kwatano, ku rubuta sunanta da shekararta a intanet, yawanci ana samunsa kyauta. Ku nemi shafukan da ke da hotunan fitilun allo, ku ajiye su a wayarku yadda za su buɗe ko babu sabis a inda motar ta tsaya.